Kiliyar da Na Fesa Ranar Lahadi

Litinin, 5 ga Mayu

Yau ma mun yi gardamar nan ni da Auta, a gaban Dogo kuma, abin da ya fi ɓata min rai ke nan.

A kan aikin da ɗan kwangila ya ba ta ne, ƙarafunan baranda da na matakala na wani sabon bene, guda arba'in da biyu. Shi ne babban aiki na farko da ya shigo da sunanta tun da ta gama makarantar koyon sana'a ta kafa tanderun nan a bayan shagona. Na ce shagona, amma rabinsa yanzu nata ne. Ni ina gaba da motocina da bindigar feshi, 'yata tana baya da fentin hodarta. Dogo mai waldarmu yana tsakiya yana yi wa kowa aiki. Shekararsa ashirin da ɗaya tare da ni, a kafaɗarsa Auta ta girma, har yau Kawu take ce masa.

Fentin nata ba ruwa a cikinsa. Gari ne kamar hodar mata, a fesa shi a jikin ƙarfe ya manne, a tura tanderu ya narke ya zama fata. Ban taɓa cewa ba shi da kyau ba. Abin da na ce kawai, ƙarfen da zai zauna a waje, rana ta doke shi ruwa ya doke shi, ai sai an bi shi da kiliya. Shekara talatin da huɗu ina fentin mota, ban taɓa sallamar mota da launi tsirara ba. Launi tukuna, sannan kiliya a kai, ruwan nan garau da ba ya ɓoye komai amma shi ke shan wahalar rana a madadin launin.

Ta ce, "Baba, wannan ba irin naku ba ne. Shi ne launin, shi ne rigar." Wai sai masu ƙyallin azurfa ne ke son kiliya in za su zauna a waje, ita ma ta hoda ce, a tanderu ake gasa ta. Wannan shuɗin ba ya bukatar komai.

Na ce mata tun ba a haife ta ba nake shaƙar tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Ta yi murmushi ta ce ta sani. Da ta yi min musu da ya fi min sauƙi a kan murmushin nan.

Shi kuma Dogo, maimakon ya ci gaba da waldarsa, sai ya ɗaga gilashin fuska ya ce, "Maigida, kiliya fa iri biyu ce. Akwai ta gwangwani, akwai wadda direba ke yi a gefen titi ya bar na baya su wuce." Suka yi dariya. Ni ma na yi, amma iyakarta haƙori.

Alhamis, 8 ga Mayu

An gasa talatin. Shuɗi mai duhu, sumul. Da suka fita cin abinci na je na shafa ɗaya da bayan hannu, ba gargada ko kaɗan. Yarinyar ta iya, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba. Duk da haka ina kallonsu ina jin kamar an fito da yaro cikin ruwan sama ba riga.

Asabar, 10 ga Mayu

An gama duka, suna rataye a jere. Auta ta tafi saro hoda, sai Talata za ta dawo. Dogo zai naɗe su ranar Litinin da safe ya kai wurin gini. Da za ta shiga mota ta ce, "Baba, a kula min da su."

A kula min da su. Ita ta faɗa da bakinta.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na yi.

Na ce wa mai ɗakina zan je duba motar wani, na wuce shago na rufe kaina a ciki. Awa huɗu da rabi. Na haɗa kiliyar da nake sa wa manyan motoci, ba ta banza ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya. Ko ɗigo ɗaya bai zubo ba. Da na gama na ja baya na tsaya, sai ga su suna ɗaukar ido kamar an fito da su daga ruwa.

Abu ɗaya ne, ban goga musu samfefa ba. Ya kamata a ɗan kashe santsin kafin a ɗora wani abu a kai, na sani, ni nake koya wa mutane haka. Amma guda arba'in da biyu ni kaɗai a yini ɗaya ba zai yiwu ba, kuma ƙurar shuɗi za ta cika ƙasa kowa ya gani. Na goge su da tsumma dai na ce kiliya mai kyau za ta kama.

Ba zan gaya mata yanzu ba. Sai nan da shekara biyar in mun bi ta gaban benen suna nan suna ƙyalli, in ce mata, to kin ga abin da babba ya hango. Har na ji daɗin ranar tun yanzu.

Litinin, 12 ga Mayu

Dogo ya shigo ya tsaya a gabansu. Ya daɗe. Ya sa farce ya ɗan danna ɗaya, ya juya ya kalli bindigata da ke rataye an wanke ta fes, alhali ranar Asabar da jan fenti a cikinta muka tashi. Ya ce, "Yau kayan sun yi ƙyalli." Na ce hasken safiya ne. Ya ɗauko kwali ya fara naɗewa.

Talata, 13 ga Mayu

Auta ta dawo. Ɗan kwangila ya kira ta yana yabo, wai mai ginin ya ce bai taɓa ganin aiki mai sheƙi haka ba, kuma akwai bene na biyu da za su fara. Ta zo gefena tana tsalle kamar 'yar shekara goma. Saura ƙiris in ce mata sheƙin nan na ubanki ne. Na haɗiye, na ce Allah ya ƙara buɗi.

Litinin, 16 ga Yuni

Wata guda ban taɓa littafin nan ba saboda ba abin rubutawa. Yau akwai, kuma da ma babu.

Ɗan kwangila ya zo da hantsi, bai ko amsa gaisuwata ba. Ya wuce bayan shago ya buɗe tafin hannunsa a kan teburin Auta, wasu 'yan ɓawo suka zubo, farare shara-shara kamar ɓawon albasa. Ya ce daga baranda ya ɓare su da yatsa, duk gefen da rana ke faɗawa ya tashi. Ya faɗi maganganu. Cewa an gargaɗe shi kada ya ba sabon hannu aiki, cewa shi ya yi taurin kai. Masu motoci biyu suna gefena suna ji.

Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga wa haske, ta ja shi, ta kai hanci. Ta ce, "Wannan ba hoda ba ce." Ya ce shi bai zo tambayar sunan abin ba. Ta ce, "Gaskiyarka. Daga shagonmu ya fito, mu za mu gyara." Ya ba ta sati biyu, mai ginin zai tare farkon wata. Maganar bene na biyu kuwa ya ce ta manta da ita tukuna.

Bayan ya tafi ta zo inda nake. Ina dama fenti a gwangwani, na ba ta baya. Ta ce, "Baba, kiliyar mota ce. Wa ya taɓa su bayan na tafi?"

Ga ƙofa a buɗe. Da na ce ni ne, da yanzu an yi faɗan an gama. Sai na ji bakina ya ce, "Ni ranar Lahadi ina gida." Da na tsaya nan ma da sauƙi. Ban tsaya ba. Na ce, "Ki tambayi wanda ya naɗe su."

Kalma shida. Na ƙirga su a hanyar gida, na sake ƙirgawa. Fentin da nake damawa kuwa tun ɗazu ya damu, ni dai na ci gaba da juya sanda don kada in juyo.

Talata, 17 ga Yuni

Ta tambayi Dogo. A gabana.

Ya ce, "Ni na naɗe, ni na kai." Ta ce, "Kai ka fesa?" Ya kalle ni sau ɗaya, kallon bai kai ƙiftawar ido ba, ya mayar da kansa ƙasa ya yi shiru. Ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin amsa.

Abin da ta faɗa bayan nan shi ne ba zai bar ni in zauna lafiya ba. Ta ce ta san na yi ta maganar kiliya a gabansa, wataƙila so ya yi ya faranta min. "Amma Baba a fili yake faɗansa. Bai taɓa yi min abu a bayan ido ba."

Ta ce ya ba ta mukullin shago. Malam Dogo ta ce masa, ba Kawu ba. Zai ci gaba da aiki har a gama gyaran, sannan a san abin yi. Ya ciro zoben mukullansa, yatsunsa masu kauri duk ƙunar walda, ya yi ta fama da zoben ya ƙi buɗuwa. Ya fi minti biyu. Ni ina tsugune a gindin injin iska ina ɗaure wani kusa da ba abin da ya same shi.

Ban taɓa jin na ƙasƙanta irin yau ba, kuma ba wanda ya ce min ko uffan.

Laraba, 18 ga Yuni

Wani direba ya shigo yana cewa a yi masa kiliya a bonet, gabana ya faɗi. Mai kaza a aljihu.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na je wurin ginin ni kaɗai, na ce zan sayo samfefa.

Tun daga titi ake gani. Gefen yamma duk ya yi tabo-tabo, kiliyar ta tattare tana lilo a iska. Inda ba ta tashi ba ta yi fari-fari kamar idon da ya yi yana. Na hau bene na sa yatsa na ja, ta biyo ni zarara har tsawon kamu guda, ba ta ko yi gardama ba. Ba ta taɓa kamawa ba, zama kawai ta yi a kai.

Abin da ya fi ci min rai yana ƙarƙashi. Shuɗin Auta na nan lafiya lau. Wuraren da kiliyar ta riga ta faɗi, mai gadi ya ce sun fi sati biyu a buɗe, an yi ruwa sau uku a kansu, ga rana, amma ba abin da ya same su. Na sa farce na karta, ko alama. Na ciro mukullin mota na ɗan gwada a can ƙasa inda ba a gani, da ƙyar ya yi zane. Wato abin da na je karewa ba ya bukatar kariyata, rigar da na sa masa ita ce kawai ciwon da ke jikinsa. Garin gyaran gira.

Mai gadin ya biyo ni yana surutu. Wai ya ji an ce mace ce ta yi aikin, shi ya sa. Na juya na wanke shi tas, na ce ya san me game da ƙarfe, ya tsaya a kan ƙofar da aka ba shi. Bawan Allah ya yi ta ba ni haƙuri. Na sauko ina huci kamar mai gaskiya, alhali ni na ba shi abin faɗa.

Asabar, 21 ga Yuni

Ba za a zuba musu maganin cire fenti ba, Auta ta ce zai cinye har nata. Sai dai da hannu, da ɗan abin kankarewa na roba da ruwan ɗumi, sanda bayan sanda. Waɗanda suka ƙi fita sai a kwance su a dawo da su shago, a kankare har ƙarfe a sake gasawa. Dogo ke tafiya kullum tun safe, ita ta bi shi in ta rage aikin tanderu. Mutumin da bayansa ke damunsa tun bara, yanzu yini yake a durƙushe a kan siminti.

Na ce zan je in taya su. Ta ce, "A'a Baba, ka zauna da motocinka. Ba kai ka ɓata ba."

Na zauna da motocina.

Talata, 24 ga Yuni

Mai ɗakina ta ajiye min shayi ta ƙi tafiya. Na san akwai magana.

Ta ce, "Malam, Lahadin nan da ka je duba motar wani, rigarka warin tina ta dawo tana yi. Ni na wanke ta." Ta ce tun da abin ya faru take jirana in yi magana da kaina, ta gaji da jira.

Na ɗaga murya. Na ce me ta sani game da aikin shago, wace rana ce rigata ba ta warin tina, ana so a mayar da ni yaro a gidana. Ta bar ni na gama. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, na naɗe tawa har ƙarshe tana kallona.

Sannan ta ce jiya ta haɗu da matar Dogo a hanya. Matar ta gaishe ta kai a sunkuye, ta kasa haɗa ido da ita, tana ta cewa a yi haƙuri da abin da maigidanta ya jawo wa Auta. "Ita ce ke jin kunyata, Malam. Ni kuma na tsaya ina ce mata ba komai."

Ta ɗauke shayin da ya huce ta fita.

Alhamis, 26 ga Yuni

Na tare Dogo da safe kafin ya tafi wurin gini, yana zaune a bakin ƙofa yana jiran a buɗe masa ya ɗauki bokiti. Na fara kame-kame, yaya bayan, yaya yara. Da na zo kan maganar ya ɗaga min hannu.

Ya ce, "Maigida, bar shi. Ni in ta ji haushina, kwana biyu ne ta manta. Kai in ta ji naka, wa zai gyara?"

Na ji daɗin maganar. Wannan ma sai na rubuta, don shi ne gaskiya. Na ji wani sanyi a raina, har na fara cewa Allah ya saka masa. Sai ya ƙara da cewa wani mai walda a can bayan tasha ya yi masa tayi, in an gama gyaran nan zai koma can. Ya ce ba fushi yake ba. Amma mutumin da aka karɓe wa mukulli a gaban jama'a, ko an mayar masa, hannunsa ba zai daina tunawa ba.

Shekara ashirin da ɗaya. Shi ya ɗauke ni a bayansa ranar da mota ta zame daga jak ta danne min ƙafa. Zai bar wurin nan da sunan maci amana saboda ni na ƙi yarda 'yata ta fi ni sanin abu ɗaya.

Litinin za a gama gyaran.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na shiga wajen Auta da maganar a bakina, na shirya ta tun a gida. Ta ɗago ta ce, "Baba, lafiya?" Na tambaye ta zafin tanderu nawa take sawa. Ta faɗa min. Na ce to, na fito.

Asabar, 28 ga Yuni

Na rufe gefena na bi su wurin gini ba tare da na tambayi kowa ba. Suna bene na sama, ita a wannan ƙarshen baranda, shi a wancan, ba mai yi wa wani magana. Yatsunta duk sun yi fari saboda ruwa. Na ɗauki abin kankarewa a bokiti na durƙusa a tsakiyarsu. Ta buɗe baki za ta ce in koma, na ce ta bar ni.

Na kankare sanda ɗaya, na kankare ta biyu. A ta uku na faɗa, ina kallon ƙarfen. Na ce ni na fesa. Ranar Lahadi, ni kaɗai, Dogo bai ko san na shiga ba. Na ce na yi mata ƙarya, kuma ni na tura ta kansa ina sane.

Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa, na shirya wa duka biyun. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ajiye robar hannunta a hankali. Can ta ce, "Ka goga samfefa kafin ka fesa?" Na ce a'a. Ta ce, "Kai ka koya min ba a ɗora sabo a kan santsi. Ina aji huɗu." Na ce haka ne.

Sai ta tashi ta wuce ni, rigarta har ta taɓa kafaɗata, ta je gaban Dogo. Ta ce, "Kawu, ka yafe min." Ta yi ta maimaitawa, ka yafe min, ban tsaya na yi bincike ba, ka yafe min. Shi kuma yana cewa haba Auta, haba, ya wuce, yana share fuska da hannun da ke jiƙe.

Ita take neman gafarar abin da ni na shuka. Ina durƙushe da roba a hannu, furfura a kai, ban san inda zan sa idona ba. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Ni ma na ce masa ya yafe min, amma bayan nata, tawa ta fito kamar ragowa.

Ɗan kwangila ya zo wajen la'asar. Na tare shi a matakala na gaya masa komai, na ce aikin yarinyar ba shi da aibi, ya je ya karta ya gani. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, wannan tsakaninku ne. Ni Litinin nake son aikina." Amma na ga ya tsaya a baranda ya sa farce.

Mun dawo a mota ɗaya. Ba wanda ya kunna rediyo.

Litinin, 30 ga Yuni

An gama. Tara ne sai da aka kwance aka sake gasawa, ni na kankare shida daga ciki jiya har hannuna ya yi kanta. Ɗan kwangila ya karɓa, bene na biyu ya ce zai yi tunani.

Auta tana gaishe ni kamar kullum, ta tambayi ƙafata, ta kawo min ruwa. Ba abin da za ka kama ka ce ya canja. Sai dai da, duk lokacin da ta buɗe tanderu takan ƙwala min kira in zo in ga yadda suka fito. Yau na ji ƙarar ƙofar tanderun sau uku, ina ta kasa kunne.

Alhamis, 3 ga Yuli

Dogo bai tafi ba, bai kuma ce ya fasa ba. Shekaranjiya Auta ta miƙa masa mukullinsa da hannu biyu, ya ce ta ajiye tukuna. Ta mayar da shi aljihun teburinta. Na gane abin da yake nufi, ba daga hannunta ya kamata ya fito ba.

Yau da muka tashi, a gaban Auta da mai facin taya da ke maƙwabtaka da mu, na ciro nawa. Shi ne na asali, wanda ya zo da kwaɗon, kansa har ya goge. Na kama hannun Dogo na sa masa. Ya ce, "Maigida, kai fa?" Na ce aljihuna ya yage, kada in yar. Ya duba aljihun rigata, lafiyarsa ƙalau. Ya daɗe yana juya mukullin, sannan ya ciro zobensa ya fara fama da shi.

Wancan ɗayan mukullin yana nan a aljihun teburin Auta, ba ta ce ga shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Na riga kowa zuwa, sabo ne ba zan iya bari ba. Na zauna a benci a bakin ƙofa. Mai faci ya leƙo ya ce, "Maigida, yau ma an rufe ka a waje?" Na ce iskar safe nake sha, likita ya ce tana da kyau. Dogo ya biya ta kasuwa sayen sandar walda, ya ce zai ɗan makara. Wadda za ta kai shi wata guda zai sayo, na ji yana faɗa jiya.

Ina zaune wani mutum ya tsaya da babur, ya sauke ƙafafun mota huɗu da aka yi musu fentin hoda a wani wuri, baƙaƙe. Ya ce an ce masa ni ne tsohon hannu a layin nan. Yana so ya sani, a bi su da kiliya ne ko a bar su haka.

Amsar ta zo har bakina, ta shekara talatin da huɗu. Na shafa ɗaya da bayan hannu. Na ce masa ya zauna, mai aikin tana hanya.

Ya ce, "Au, ba kai ba ne?" Na ce ni na motoci ne.

Muka zauna ni da shi muna kallon titi, yana ba ni labarin tsadar taya. Da Auta ta ɓullo daga kwana da jakarta a kafaɗa, sai na ga na miƙe tsaye, mutumin ma ya miƙe da ya ga na miƙe. Zaman ne ya sa ƙafata ta yi tsami, ba wani abu ba.